Abarshi da Goran Nono

Kakana Abarshi bai taɓa yin gudu ba sai da ya ba shekara talatin baya. Ba ƙage nake yi masa ba, shi ya faɗa da bakinsa, kuma da alfahari yake faɗa. A Gure ta wancan zamani magidanci ba ya gudu. Yaro ya yi gudu, ɓarawo ya yi gudu, wanda kunama ta harba ma ana yi masa uzuri. Amma mai iyali tafiya yake yi a natse, hannu a baya, yana gaisawa da duk wanda Allah ya haɗa shi da shi. A wajen gaisuwa kuwa Abarshi ba shi da na biyu. Daga ƙofar gidansa zuwa lambunsa tafiya ce 'yar kaɗan, amma in ya fita da sassafe sai hantsi ya dubi ludayi bai isa ba. Ya tambayi mutum gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya tambayi jakin da ya yi ɗingishi bara. Barebarin gari ma ba su tsira ba. Da Barbarcinsa na kalma biyar zai tsare mutum yana ta "wushe, wushe" har mutumin ya ce ya bar tukunya a wuta.

Ni jikarsa ce, Balkisu. Na tarar da shi tsoho tukuf, yana kirana amarya, ni kuma ina ce masa sai ya nemo haƙora kafin a ɗaura. Rabin labarin nan daga bakinsa na ji, rabi daga bakin kakata Zinariya. Inda suka saɓa na ɗauki nata, don shi ba ya ba da labari sai ya ƙara gishiri.

Dukiyarsa duka lambu ce a cikin kwari, a gindin tudun rairayi, inda ruwa yake kusa da ƙasa. Dabino tara da ubansa ya dasa, da albasa, da barkono, da 'yar alkama. Lambun kwari ba ya yafe wa mutum. In ka kwana uku ba ka yi ban ruwa ba, sai ka zo ka yi wa albasa ta'aziyya.

Shekara uku bayan shekarar fara, da aka gama girbi, gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo wurin mai unguwa da takarda daga bariki. Nasara na son mutane su tafi aikin hanyar mota, wata huɗu, da tsakiyar ɗari. Aikin dole ne, ba a tambayar ra'ayin kowa. Sunan Abarshi ya fito a ciki. A gidan babu wani namiji sai babana, wanda a lokacin yana goye a bayan uwarsa. Wata huɗu babu ban ruwa, lambu ya mutu ke nan. Amma ba lambun ne ya hana Zinariya cin tuwo ba. Wanta Alhasan ya tafi irin wannan aiki bara waccan, kuma abin da ya dawo gida rigarsa ce da butarsa.

Ana nan sai sanƙira ya yi shela a kasuwa. Dawakin bariki sun kamu da ciwo, kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, yana neman ɗan aike mai ƙafa wanda zai riƙa kai masa takardu. Kumandan ɗin saurayi ne, kuma wai a ƙasarsu mutane kan yi dogon gudu ba tare da an biyo su ba, don kawai a ga wanda zai riga. To haka zai zaɓa. Nan da kwana saba'in za a tashi daga gindin tuta a je rijiyar Tsamiya da ke kan hanyar Bune a dawo. Tafinta ya ce kilomita arba'in da biyu ne. Ba wanda ya san mene ne kilomita, amma kowa ya san rijiyar Tsamiya: in ka kora jaki da asuba, sai rana ta kusa tsaka ka isa. Wanda ya riga kowa taɓa sandar tuta shi ne ɗan aike, kuma za a share sunansa daga takardar hanya.

Zinariya a bakin rijiya ta ji labari. Ta dawo gida ta sauke tulu, ba ta ko warware gammo ba ta ce, "Maigida, gudu za ka yi."

Ya miƙe zumbur ya dubi ƙofa. "Lahiya? Wa ya biyo ni?"

Ta yi masa bayani sau biyu. Ya ce abin kunya ne. Ta ce kunya ba ta ban ruwa. Ya san gaskiya ta faɗa, kuma shi ma yana tsoron hanyar nan, faɗa ne kawai ba ya yi.

Washegari bayan sallar asuba ya ɗaure mazagi tamau, ya yi bisimilla, ya zura da gudu daga ƙofar gida. Kaltumi mai ƙosai ce ta fara ganinsa. Ta duba ta sake dubawa, ta tabbata Abarshi ne, mutumin da ko gobara aka yi sai ya gaisa da wuta. Ta ce a ranta abin da ya sa wannan gudu ba ƙaramin abu ba ne. Ta bar kasko a kan murhu ta suri ɗanta ta bi bayansa tana salati. Mazan da ke zaune ƙofar masallaci suka ga Abarshi a guje, Kaltumi a guje, suka ce gardi ne suka zo kama mutane tun kafin lokaci. Kowa ya yi ta kansa. Liman ya bar takalmi ɗaya a hanya. Abarshi ya waiga ya ga rabin unguwa na bin sa ana ihu, ya ƙara wuta. Sai a bayan tudu, da numfashi ya ƙare wa kowa, ya dafa gwiwa ya ce, "Jama'a, mi ya hwaru?"

Liman ya ce, "Kai za mu tambaya!"

Mai unguwa ya kira shi ya wanke shi tas, ya ce daga yau in zai yi gudu ya sanar da mutane tukuna. Abarshi mutum ne mai biyayya. Kashegari ya bi gida gida yana sanarwa, kuma ba a sanarwa babu gaisuwa. Da ya gama gida na ƙarshe an kira azahar.

Rana ta uku ya ce yau zai rama. Ya zuba gudu kamar wanda zuma ta biyo har bakin gari, ya faɗi. Kwana huɗu yana kwance, cinyoyinsa sun ƙage, ko ruku'u sai da ƙara. Da ya tashi sai aka yi suna a maƙwabta. Bayan suna Juma'a ta zo. Bayan Juma'a ya yi mafarkin da bai yi masa daɗi ba. A cikin kwana goma gudu biyu ya yi, kuma ɗaya daga ciki da rabin unguwa aka yi shi. Zinariya tana lissafe, ba ta ce komai ba. Duk wanda ya san kakata ya san shirunta ya fi faɗanta haɗari.

Tana da ƙawa Bafillatana, Zaliha matar Boyi. Kamar kowace shekara, bayan girbi Boyi ya sauka da shanunsa a gonakin bayan gari, shanu su ci kara su bar wa gona taki. Zinariya ta je ruga da ƙwaryar albasa, suka ƙulla magana, ta dawo da goran kaɗa nono mai dogon wuya. Ta ajiye shi gaban Abarshi.

"Kullum bayan asuba ka tahi wurin Zaliha. Za ta zuba kindirmo rabin gora, ta toshe, ta ɗaura maka a baya. In ka yi gudu nono zai kaɗu, in buɗe in ga mai. In ka yi tahiya kana gaishe da jakai, in buɗe in ga nono. Kuma ka iso kahin inuwar katanga ta taɓa turmin nan."

"In ban iso ba hwa?"

"Ka sha nonon, shi ne abincinka na ranar."

Abin mamaki, goran ya kwantar wa gari da hankali. Da mutane suka ga Abarshi yana gudu da gora a baya, suka gane ba gardi ba ne, aiken mata ne, sai tsoro ya koma tausayi. Saura matsalar gaisuwa. Da dai ya wuce mutum bai gaishe shi ba, Abarshi ya ce gara a kai shi hanya. Sai ya koyi rarraba ta. Tun daga nesa zai ɗaga murya da "ina kwana", daidai mutum ya jefa "ina gajiya", in ya wuce ya waiga da "a gai da gida". Wanda ke da ƙarin magana sai gobe.

Akwai wani tsoho, Illa, da ke zama kullum a gindin bango yana shan hantsi. Ranar Litinin Illa ya ce, "Ka ji akuyata ta ɓata?" Abarshi ya riga ya wuce. Ranar Talata Abarshi yana zuwa ya ce, "Wace, jar ko baƙar?" Ranar Laraba Illa ya ce, "Jar!" Ranar Alhamis Abarshi ya ce, "Allah ya bayyana!" Sai ranar Asabar Illa ya samu damar gaya masa ai tun Talata aka gan ta. Kakana ya ce sau da yawa ba tsoron Zinariya ke fitar da shi ba, yana son ya ji ƙarshen maganar Illa ne.

Amma kada a ɗauka ya miƙa wuya da sauƙi. A rana ta takwas ya karɓi nono, ya yi ɗan gudu har ya ɓace wa Zaliha, ya samu gindin aduwa ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya rungumi gora ya yi ta girgiza shi da hannu yana 'yar waƙa har ya ji mai ya tashi. Ya shafa ruwa a goshi, ya shigo gida yana haki na ƙarya. Zinariya ta buɗe gora, ta juye a ƙwarya, ta dubi man, ta shinshina.

"Wannan man hannu ne, ba na ƙahwa ba."

Ya ce tun daga ranar ya san matar da ya aura ba a yi mata wayo. Duk da haka ya sake gwadawa sau ɗaya. Ya tarar da wani jaki yana kiwo, ya ce ai jaki ma ƙafa gare shi. Ya ɗaura masa gora a wuya ya ɗan tsikare shi. Jakin ya ji abu yana ƙara a ƙarƙashin haɓarsa, ya haukace, ya yanki daji ya nufi arewa kamar an aike shi Alakos. Abarshi ya bi shi yana roƙo yana zagi. Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Da ya dawo, ƙaya ta yayyage masa wando, Zinariya ta duba ta ce, "Yau kam man ya yi kyau. Sai dai warin jaki."

Daga nan ya haƙura, kuma goran ne ya koya masa sauran. In ya zuba gudu da ƙarfi numfashi ya ƙare tun kafin rabin hanya. Wata rana ma toshiyar ta fice, nono ya wanke masa baya, ƙudaje da karnuka biyu suka rako shi har gida. In kuma ya yi sanyin jiki, gora ya yi shiru, babu mai. Akwai wata sassarfa a tsakani da nono ke amsawa cakal, cakal, cakal, ba ya sauri ba ya tsayawa. In ya riƙe wannan ƙara, sai ya ga ya iso gida da sauran numfashin yin sallama. Ya daina kallon nisa, ya koma sauraron bayansa.

Sai wata safiya ya isa ruga ya tarar da kashin shanu da duwatsun murhu. Kara ya ƙare, Boyi ya tashi. Ya bi sawu har ya same su bayan tudu biyu. Ya ce, "Haba Boyi, ko sallama?"

Boyi ya ce, "Saniya ke da magana, ba ni ba."

Haka aka riƙa yi. Duk bayan kwana shida ko bakwai ciyawa ta ja baya, Boyi ya bi ta, Abarshi ya bi Boyi. Turmi kuwa yana nan inda yake. Ya taɓa roƙon Zinariya ta matsar da shi ko da taki ɗaya ne, tunda ruga ta yi nisa. Ta ce turmin uwarta ne, tun da aka kawo ta gidan nan a wurin yake. Dole ya daina tafiya a hankali wajen zuwa, ya koma sassarfa zuwa da dawowa. Da rana ya kwanta, da la'asar ya sauka kwari ya yi ban ruwa. Juma'a kaɗai ta bar masa ya huta. Tumbinsa ya tafi, ƙwaurinsa ya yi tauri kamar taɓarya. Wajen kwana na hamsin, wata Juma'a, sai da ya wuce bangon Illa sannan ya tuna yau babu gudu. Ya ce ya tsaya a hanya yana jin haushi, kuma bai san haushin wa yake ji ba.

Man shanu kuwa ya yi yawa a gidan har maƙwabta suka fara sheƙi. Labari ya kai kunnen Ɗan Talata, kukun kumandan. Ya zo ƙofar gida yana marairaita. Ya ce man kasuwa ya kwana uku a ƙwarya kafin ya iso, kumandan ya shinshina ya ture faranti, shi kuma ya sha zagi da Faransanci. A taimaka masa da na safiya ko kaɗan ne. Zinariya ta amsa daga bayan zana, ta ce mutanen da suka cinye mata wa ba za su ci manta ba. Ɗan Talata ya tafi yana haɗiyar yawu.

Ranar tsere mutum ashirin da 'yan kai suka jeru a gindin tuta da hudowar rana. Wanda kowa ya sa wa ido shi ne Aisami, wani dogon Babarbare da ke bin ayarin gishiri, wanda aka ce tafiyar kwana biyu a kwana ɗaya yake yin ta. Abarshi ya zo da goransa a baya. Tafinta ya ce mene ne wannan. Abarshi ya ce shi bai iya gudu babu gora ba, kuma rugar Boyi yanzu tana dab da rijiyar Tsamiya, ba zai je har can ya dawo hannu wofi ba. Aka fassara wa kumandan, ya yi dariya har ya cire hula, ya ce a bar shi.

Aka busa usur. Mutane suka fashe da gudu kamar an saki awaki. Abarshi ya tashi a ƙarshe, yana sassarfarsa, yana gaishe da 'yan kallo dama da hagu. Yara suka yi masa ature har bakin gari. Bayan tudu na uku ya fara tarar da su ɗaya ɗaya, wani a gindin kalgo, wani ya kifa ciki a rairayi yana kiran uwarsa. Kowanne ya ce masa, "Sannu da hutawa," ya wuce. A rijiya gardi ya shafa masa shuni a hannu, shaidar ya iso. Zaliha na nan tana jira, ta zuba, ta toshe, ta ɗaura, ya sha ruwa ya juya. Mutum ɗaya ne kawai a gabansa.

A tudu na ƙarshe kafin gari ya cim ma Aisami. Dogon mutumin nan ya koma jan ƙafa, bakinsa ya bushe. Abarshi ya ce masa "wushe", ya so ya tambayi gida, ya ga ba lokacin ba ne. Ya shiga gari shi kaɗai, babu kowa ko kusa da shi.

A bakin kasuwa hanya ta rabu biyu. Dama ta hau bariki, hagu ta gangara unguwarsu. Safiya kusan sittin ƙafafunsa suna bin hagu, kuma ranar ma hagu suka bi. Na tambaye shi me yake tunani a lokacin. Ya ce babu kumandan a kansa, babu tuta, babu hanyar mota. Abu ɗaya ne: yau ya fita a makare, kada inuwa ta riga shi turmi.

Ya shiga gida ya yi sallama. Shiru. Ya kwance gora ya riƙe, ya sake sallama. Ya leƙa ɗaki, ya leƙa madafa. Hankalinsa ya tashi, don bai taɓa dawowa bai tarar da ita zaune a gindin turmi ba. Yana tsaye yana tunanin ko yaron ne ba lafiya, sai ya ji ganga da guɗa daga wajen bariki. A nan ne ya tuna.

Zinariya tana bariki tun safe da goyo a baya, ita da duk garin. Daga kan tudun ta hango mutum da gora ya shigo gari shi kaɗai, ta kama hannun Kaltumi ta matse. Sai ta ga ya karya hagu. Ta ƙwala ihu, ganga ta danne muryarta. Tana ji tana gani Aisami ya bayyana yana tangaɗi, ya hau tudu da ƙyar, ya rungumi sandar tuta ya zube.

Can sai ga Abarshi, da sassarfar nan tasa da ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Bai dubi tuta ba. Ya wuce kumandan, ya wuce tafinta, ya ratsa mutane har inda take, ya miƙa mata gora da hannu biyu. Ya ce a hankali, "Inuwa ba ta kai turmi ba. Na duba."

Kakata ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin haushin mutum da son sa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Ga miji ya riga kowa, ga shi za a tafi da shi hanya nan da kwana bakwai. Hawaye na zuba, hannunta ya yi abin da ya saba. Ta karɓi ƙwaryar wata mai fura, ta cire toshiya, ta juye. Mai ya faɗo dunƙule guda kamar ƙwan jimina, fari sol, yana ƙamshi.

Ɗan Talata na gefe. Ya ruga ya raɗa wa tafinta, tafinta ya raɗa wa kumandan. Kumandan ya tako har wurin, ya sa yatsa ya lasa, ya lumshe ido. Ya tambaya ko mutumin nan zai iya kawo irin wannan kullum. Abarshi ya buɗe baki zai fara gaisuwa. Zinariya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta dubi ƙasa, ta ce wa tafinta, "A gaya mai, wanda ke aikin hanya ba ya kawo mai."

A nan take aka ɗauko takarda aka ja layi a kan sunan Abarshi. Har yau in na tuna wannan wuri dariya nake yi, sannan raina ya ɓaci. Mai unguwa ya roƙa ba a ji ba, an ce akwai jariri a gidan ba a ji ba, sai abin shafa wa burodi ne ya fanshi mutum. Kuma na san inda aka share suna an rubuta na wani, wanda matarsa ba ta da ƙawa a ruga. Zinariya ma ta sani. Ta haɗiye rantsuwarta, kullum ta aika wa bariki da mai, amma ba ta taɓa taka wurin ba kuma.

Aisami ya samu aikin takardu. Ya yi shekaru tsakanin Gure da Damagaram da Bune, sai ya yi wata bai kwana gida ba. In sun haɗu a hanya yakan ce wa Abarshi da ma shi ne ya karya hagu. Abarshi kuwa ya yi ta kai mai har aka canza kumandan, aka kawo wani wanda ba ya cin mai. Bai daina fita ba. Ya ce Illa bai gama ba shi labarin rikicinsa da surukinsa ba. Ya yi ta sassarfa har gwiwa ta ƙi, ya koma tafiya, yana dawowa da nono zalla, Zinariya ta karɓa ta ce Allah ya kyauta. Daga dabinon nan tara, biyar suna nan har yanzu.

Bayan rasuwarsa, wata rana ina tsefe mata kai, na ce, "Kaka, ki koya mini yadda ake gane man hannu da man ƙahwa."

Ta yi dariya har ta yi tari. "Mai mai ne, 'yar nan. Wa ya iya ganewa? Tudun bayan gida nake hawa da ubanki a baya. Daga can har gindin aduwar nan ana gani. Jakin ma da idona na ga ya ɗaura mai. In na hango shi tahe sai in sauko da sauri in zauna gindin turmi kamar ban motsa ba."

"Kin hwaɗa mai?"

"In hwaɗa mai ya raina ni?"

Na ce to ai daga baya ruga ta yi nisa, ba a hango komai daga tudu sai ƙarshen hanya, kuma shi ma ya daina wayo. Me ya sa ta ci gaba da hawa? Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Alhasan ya tahi ban ga dawowarsa ba. Wannan kuwa kullum ina ganin tasa dawowar."